Sauƙin Gaisuwa

A shekarun da Turawa suka fara ɗaure kayansu a hankali ba tare da sun ce za su tafi ba, akwai wani ƙaramin ɗakin shan magani tsakanin Sheshe da Kasuwar Kurmi. An rushe shi tuntuni, kuma ba a ji wanda ya yi kewarsa ba. Ɗaki biyu ne da rumfar kwano, benci huɗu na maza, tabarmi na mata, sai randa ɗaya da moɗa ɗaya, don kowane majinyaci ya samu rabonsa daga ciwon ɗan'uwansa. A nan Malam Gidaɗo yake aikin tafinta.

Bafillace ne, amma kakansa ne na ƙarshe a gidansu da ya taɓa bin saniya. Gidan yana can Ƙofar Kabuga. Ya yi allo, ya yi makarantar Midil, ya karanta duk abin da ya faɗo hannunsa, na Larabci da na boko, har takardar da aka ƙunso masa ƙosai. Abin da karatun ya fi ƙara masa shi ne saurin ganin laifin mutane.

Su uku ke riƙe da wurin. Akwai wata Baturiya doguwa mai agogo a maƙale a ƙirji, wadda kowa ke kira Sista. Akwai Bukar, Babarbare, mai haɗa magani da yin allura. Sai shi Gidaɗo, wanda maganar majinyaci ke shiga ta kunnensa da Hausa ta fita ta bakinsa da Turanci. Shi da Bukar ba sa gaisawa sai da tsiya, kamar yadda Fulani da Barebari suka gada.

"Bawana ya iso," Bukar zai ce da safe. "An tatsi nonon, ko yau ma ubangidanka zai sha shayi baƙi?"

"Ka fara wanke hannu, kafin ka kashe wani da allura a ce ajali ne."

Allurar fenisilin ita ce abin da ake zuwa nema. Duk ranar Alhamis ake kawo akwatinta, abin da zai ishi mutum goma. Masu bukata a mako sun fi hamsin. Kafin zuwan Sista, rabon ba ya wahala. Da hantsin Alhamis barorin manya za su iso da 'yan takardu, kafin azahar akwati ya zama fayau. Mai tari a gidan attajiri ya sha allura, mai ruɓaɓɓiyar ƙafa a kan benci a ba shi jan ruwa a kwalba a ce ya yi haƙuri. Kuma yana yi.

Gidaɗo ne ya kawo shawarar kati. Ya zauna ya rubuta ta shafi uku, har da misalai daga littattafan fiƙihu a kan wanda ya fi cancanta da ruwa in ruwan ya yi kaɗan. Sista ta karanta shafin farko ta ce ta yarda. Daga ranar, kowace safiya sai ta bi layi ta duba kowa. Wanda ciwonsa zai iya kashe shi kafin wata Alhamis, jan kati, allura tasa ce. Wanda zai iya jira, farin kati. Ba takarda, ba ɗan wane, ba wanda ya riga zuwa.

Alhamis ta biyu da fara wannan, wani dattijo baran Alhaji Ɗantani, babban dillalin fata, ya zo da takarda: uwargidan Alhaji tana mura. Gidaɗo ya karanta, ya ninke, ya mayar masa.

"A kawo ta a duba."

"Malam, iyalin Alhaji fa. Su zo nan su zauna a tabarma?"

"Tabarmar ba ta cizo, Baba." Da ya tsaya nan, da ya isa. Amma rumfa ta cika, mutane sun yi tsit suna saurare, shi kuma bai taɓa samun masu saurare da yawa haka ba. Sai ya ɗaga murya. "Wallahi ko iyalina ne suka zo nan, layi za su bi, kuma abin da Sista ta gani shi za a rubuta."

Kafin la'asar maganar ta zaga Kurmi. Shi da kansa ya kai ta gida, ya maimaita wa matarsa yana cin tuwo, har da kwaikwayon fuskar dattijon.

Sai dai katin ya zo da wata matsala. Sista ta koyi Hausa daga littafi, tana kuma alfahari da ita. In ta tsaya gaban majinyaci sai ta ce, "Yaya jiki?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi." Littafinta ya ce sauƙi shi ne ciwo ya ragu. A watan farko ta rubuta wa na sama da ita cewa ba ta taɓa ganin mutane masu saurin warkewa kamar Kanawa ba. Ran nan wani tsoho ya ce mata da sauƙi da hantsi, ta ba shi farin kati, kafin azahar ya cika a kan benci da katin a hannu.

Gidaɗo ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Wannan ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Mai lafiya ya ce da sauƙi, mai shaƙuwar mutuwa ya ce da sauƙi. Wanda ya ce babu sauƙi ya yi wa Allah butulci, ya kuma ɗora wa mai tambaya nauyin da bai zo ɗauka ba.

"To ta yaya zan gane?" in ji ta.

"Ba za ki gane ba. Ni zan gane."

Daga nan suka yi ƙa'ida. In majinyaci ya ce da sauƙi, sai ta juyo ta ce da 'yar Hausarta, "Na gaske ko na gaisuwa?" Shi kuma ya yanke. Ya ƙware ƙwarai. Yana sauraron shirun da ke gaban amsar, tsawonsa da nauyinsa. Yana duban wanda ya rako majinyaci: in mai rakiya ya sunkuyar da kai lokacin da aka ce da sauƙi, to na gaisuwa ne. Mutane da yawa suna yawo a Kano shekaru bayan haka ba su san kunnen Gidaɗo ne ya bar su a duniya ba.

Matarsa sunanta Ma'u. Shekararsu bakwai, ba ɗa a raye. Mace ce mai ƙarancin magana, irin waɗanda in wuta ta ƙona su a murhu sai an ga tabon a sani. A tsakiyar daminar shekarar ta yi ɓarin cikin wata huɗu. Mata suka yi abin da suke yi. Gwaggonta 'Yardada, wadda ta rene ta, ta tare shi a soro ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "An samu akasi a ciki." Ya ce Allah ya mayar da alheri. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsa da maganar ke nan, kuma iyakar abin da ya kamata ke nan a ganin kowa.

'Yardada ta tare a ɗakin tana jinya. Kullum da safe, kafin ya hau keke, sai ya tsaya a bakin ƙofa ta bayan asabari.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Malam."

Sai ya tafi. Mutumin da ke auna wannan kalma ga birni guda, a gidansa yana karɓarta kamar yadda ake karɓar ruwa daga hannun na gida, ba a leƙa kwanon. Kwana takwas yana tambaya, kwana takwas ana ba shi amsa, kuma amsar ta yi masa daɗi, don akwai aiki a gabansa.

Ranar Litinin aka wayi gari da ruwa. Ya ɗauke da hantsi, ya bar yayyafi. Rumfa ta cika da masu zazzaɓi, kamar kowace damina. Bukar ya leƙa akwati ya ce, "Saura na mutum ɗaya. Alƙali, a yi hukunci da kyau."

Sista ta gama da maza, ta koma tabarmin mata, Gidaɗo na biye da ita da kati a hannu. A lokacin ya ga jaki ya tsaya a bakin rumfa. Ya san jakin, na maƙwabcinsa ne. 'Yardada ce ke jansa, zanenta ya jiƙe har gwiwa. Ta sauko da wata mace a lulluɓe, ta tallafe ta, suka zauna a ƙarshen tabarma. Daga Kabuga zuwa nan a cikin taɓo ba tafiyar da ake yi don ciwon kai ba ce. Ya san haka tun kafin su zauna.

Bukar ma ya san jakin. Ya matso kusa da kunnensa.

"Ɗan Fillo, yau ake yinta. Ga iyali a layi, ga allura ɗaya, ga baran Alhaji can a benci ya kawo ciwon ido. Allah ya haɗa maka shaidu."

Gidaɗo ya waiwaya. Dattijon na nan, ido ɗaya a ɗaure da tsumma, ɗayan a buɗe, kuma na buɗen yana kansa.

Mace ta uku daga ƙarshe sunanta Hasana, mai dakau ce a Kurmi. Sartsen taɓarya ya shige ta a yatsa, hannun ya kumbura har gwiwar hannu, yana sheƙi. Ita ba ta san wata gaisuwa ba.

"Yaya jiki?" in ji Sista.

"Ina fa jiki, Baturiya? Duba nan. Kwana huɗu ban runtsa ba. Da hannun nan nake ci da marayu uku. In za ku yanke ku yanke, in za ku yi allura ku yi, ni dai kada a ce mini Alhamis."

Matan suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Gidaɗo ya fassara duka, har da marayun. Sista ta latsa hannun, Hasana ta yi ƙara. Sista ta ce a dakata da katinta sai ta ga sauran.

Suka iso ƙarshen tabarma. Ma'u ta juya fuska wajen bango, ta ja mayafi ta rufe har hanci. Bai ga komai nata ba sai yatsun ƙafa, lallen ya koɗe.

"Yaya jiki?"

Shiru. Ya ƙirga shi ba da niyya ba, kamar yadda ya saba. Ya yi tsawo. Ya fi na tsohon da ya mutu a benci.

"Da sauƙi."

'Yardada ta sunkuyar da kai.

Sista ta juyo. "Na gaske ko na gaisuwa?"

Ya dubi saman kan matar ya ce da muryar aiki, "Sista tana tambaya, ina ne ke ciwo?"

"Kai ne. Da ɗan zazzaɓi."

"Ai yarinyar nan," in ji 'Yardada, "kwana tara ke nan da ta..." Ta ɗago, idonta ya faɗa kan surukinta. Ta dubi bencin maza, taku huɗu daga inda suke, kowa ya miƙo kunne. Ta gyara ɗaurin zanenta. "Ba ta cin abinci."

Akwai hanya a buɗe gabansa, kuma ya gan ta. Turanci. Kalma biyar da Turanci, ba wanda zai ji a rumfar nan sai Sista da Bukar. Ta yi ɓari kwana tara da suka wuce. Amma Sista za ta ce, ya aka yi ka sani, ba ta faɗa ba? Sai ya ce matata ce. Sai jan kati ya fita daga hannunsa ya shiga hannun matarsa, a gaban Hasana da hannunta mai sheƙi, a gaban idon dattijo guda ɗaya, kuma ba wanda zai san dalili, don dalilin ba abin da ake faɗa ba ne. Kurmi za ta ji kafin la'asar. Ya kuma ce wa kansa, in da abin ya kai haka, da ta faɗa a gida. Ya ce ai mata sun san abinsu. Ya ce Alhamis kwana uku ce kawai. Mai ilmi ba ya rasa hujja, ya samu guda huɗu kafin ya ja numfashi biyu.

"Ta ce ciwon kai da zazzaɓi," ya ce da Turanci. "Ba ta cin abinci."

"Ba ka amsa mini ba."

"Wannan ban iya tantancewa ba."

Sista ta dube shi, don bai taɓa faɗin haka ba. Ta sa ma'aunin zafi, ta duba agogon ƙirjinta. Akwai zazzaɓi. Amma ta ga zazzaɓi goma sha tara tun safe. Ta ce a ba ta kwinin na zazzaɓi, farin kati, ta dawo Alhamis in bai sauka ba. Jan katin na mai hannu ne.

Shi ke rubuta kati. Ya durƙusa, ya ɗora shi a gwiwa, ya yi tambayar da yake yi wa kowa.

"Suna?"

'Yardada ta daɗe tana dubansa.

"Asma'u," ta ce. "Matar wani malami ce a Kabuga."

Ya rubuta. Rubutunsa mai kyau ne, an sha yaba masa a Midil.

Da rumfa ta watse, Bukar ya same shi yana wanke moɗa, aikin da ba nasa ba.

"Gidaɗo." Bai taɓa kiransa da sunansa ba. "Wasa fa nake ɗazu. Me ke damun iyalin?"

"Zazzaɓi."

"Zazzaɓi ne aka ɗoro a jaki daga Kabuga?"

"Ka ji abin da Sista ta ce."

"Na ji abin da ka ce wa Sista."

Gidaɗo ya rataye moɗar ya fita.

Da yamma ya leƙa ta asabari ya tarar ta tashi zaune, har ta sha kunu rabin ludayi. Ya ɗauki wannan ya riƙe. Ba ta yi maganar safiya ba, shi ma bai yi ba. 'Yardada ta kawo masa tuwo ta ajiye, ya lura ba ta zuba man shanu ba.

Ranar Talata da ya dawo daga aiki, ya tsaya a bayan asabari zai yi tambayarsa, sai warin ya riga amsar isowa. An turara ɗakin sosai, amma yana nan ƙarƙashin turaren. Ya san shi. Ya ji shi a rumfa sau da yawa, kuma duk macen da ta zo da shi jan kati ake ba ta ba tare da an tambaye ta yaya jiki ba. Ya ɗaga asabarin ya shiga, karo na farko tun da abin ya faru. Tana rawar sanyi, leɓɓanta sun bushe, tana magana da Fillanci da wata da ba ta ɗakin. Bai san tana jin Fillanci haka ba.

Sista na zaune a unguwar Turawa, bayan gari, inda ba a shiga da magariba sai da dalilin da mai gadi zai yarda da shi. Ya jira safiya. Laraba tun kafin a buɗe rumfa yana tsaye a bakin ƙofa. Da ta sauko daga mota ya faɗa mata duka da Turanci, a tsaye, kamar mai karanta rahoto.

Ta ajiye jakarta a ƙasa cikin taɓo.

"Ta ƙarshen tabarma? Mai mayafi?"

"Ita."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ba a faɗa."

"Wa ya hana?"

"Ba wanda ya hana. Ba a faɗa ne kawai."

"Malam Gidaɗo, da ka faɗa, ita zan ba. Hannun waccan tsaga shi zan yi in matse, ta jira Alhamis, ba abin da zai same ta. Ba alfarma zan yi maka ba. Ƙa'idarka ce. Kai ka rubuta ta, shafi uku."

Wannan bai zo masa a rai ba, ko sau ɗaya, a cikin kwana biyun. Ya yi ta auna ko ya yi wa matarsa alfarma ko kada ya yi. Bai taɓa tsayawa ya ga cewa layin nata ne ba.

Ta rubuta takarda zuwa ga likitan babban asibiti, ta ce ya je ya karɓo aron allura, ita za ta sallami masu jan kati ta wuce gidansa da Bukar. Ya hau keke. Likita yana ɗakin tiyata, an kawo wani da mota ta take. Ya zauna a baranda da takarda a hannu, cikin masu jira, ba wanda ya san shi. Wani ma'aikaci ya wuce ya ce, "Malam, yaya mai jiki?" Ya ji bakinsa ya ba da amsar da ake bayarwa. Sai bayan azahar likita ya fito, ya karanta, ya sa hannu nan take. Aka ba shi kwalabe shida a cikin ƙaramin kwali. Ya sa a aljihun gaba, ya taka keke da hannu ɗaya a kansu.

Ruwa ya cika kwararo, dole ya sauka ya tura a wurare biyu. Da ya karyo kwanar gidansu ya ga motar Sista a bakin hanya, inda mota ke iya kaiwa. Sannan ya ga tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta na zaune, wani yana zuba ruwa a buta.

Bukar ne ya taso ya riƙe masa keken.

"Tun kafin mu iso," ya ce. "Wajen azahar."

Aka kai ta kafin magariba. A hanyar dawowa daga maƙabarta Gidaɗo ya ji abu na bugun ƙirjinsa, ya tuna. Ya ciro kwalin ya miƙa wa Bukar.

"A mayar. Akwai masu jira."

Wani maƙwabci da ke bayansu ya ji, ya kuma ga kwalaben. Kafin sadakar uku labarin ya gama haɗuwa, ya yi kyau, ba inda ya yi saura. Malam Gidaɗo, allura ɗaya ta rage, ga matarsa ga mai dakau, ya ba mai dakau. Ranar da aka binne ta ma da allura a aljihunsa, ya mayar. Alhaji Ɗantani da kansa ya zo ta'aziyya, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Malam, na yi fushi da kai a da, ka yafe ni. Da za a samu irinka goma a garin nan, da an huta."

Gidaɗo ya ce Allah ya ba da lada.

Bayan kwana arba'in 'Yardada ta zo da 'yan dako uku kwashe kaya. An ce masa yana da rabi a gado, ya ce a kwashe duka. Ya zauna a soro yana jin ƙarar tasoshi. Aka fita da gadon ƙarfe, aka fita da akwati, aka fita da tukwane. Ita ce ta fito ƙarshe, da ƙunshi a ka. Ya zaci za ta wuce. Ta sauke ƙunshin ta zauna a kan dakali, nesa da shi, tana fuskantar ƙofa.

"Ina jin ana yabonka."

"Gwaggo..."

"Bari in gama, ba zan sake zuwa gidan nan ba. Ran nan a hanya, muna wajen Kurmi, na ce mata, in mun je ki faɗa wa Baturiyar komai, mace ce 'yar'uwarki. Ta ce, Gwaggo, ta bakin wa?"

Ta ci gaba.

"Na ce to ni zan faɗa. Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Ta ce Malam ya yi rantsuwa gaban mutane, ya zo gida yana murna, ba ta taɓa ganinsa yana murna haka ba. Ta ce a ba ta ko mene ne, ita dai ta zo ne don na matsa." Ta share hanci da gefen mayafi. "Ban zo ɗora maka kai kaɗai ba. Ni ma na buɗe bakina na rufe. Shekara sittin da wani abu, na yi wa mata wankan jego sun fi ɗari, na tsaya jin kunyar yaron da aka haifa a gabana. Wannan nawa ne, ni zan je da shi."

Ta miƙe, ya taso zai ɗora mata ƙunshin, ta ce ya bari. Ta ɗauka da kanta. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Akwai gero a rumbu, ita ta jiƙa wani a kwarya ranar da ta kwanta. Ya lalace. A zubar."

Ya koma aiki. Sista ta rubuta wa na sama da ita a ba ta mace tafinta don layin mata. Amsa ta zo bayan wata biyar, cewa ana duba maganar. An mayar da ita ƙasarsu ana kan dubawa. Bukar ya daina kiransa bawa, ya koma ce masa Malam, kuma wannan ya fi kowace tsiya ciwo.

Sunansa kuwa sai gaba yake yi. In 'yan'uwa sun rikice a kan gida, a ce a kira Malam Gidaɗo. In za a damƙa amanar maraya, Malam Gidaɗo. Iyaye na nuna shi ga 'ya'yansu in ya wuce a keke. Sau biyu ya yi niyyar gyara labarin, sau ɗaya ma har ya fara, a wani zaman raba gado a Sheshe. Amma gyaran yana bukatar ya faɗi abin da ya same ta, a gaban maza, da Hausa. Ya yi gyaran murya, aka yi tsit ana jira, sai ya ce a miƙo masa takardar gidan.